Addu'ar da Na Ji a Ƙarƙashin Kankare

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, 'yan'uwa duka, ina gaishe ku cikin sunan Yesu wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau.

Sunana Yakubu. Da yawanku kun san ni, ni ne mai ɗingishin nan, mijin Rahila ta ƙungiyar mawaƙa. Birkila ne ni, mutumin kudancin Bauchi, mahaifina mai bishara ne har Allah ya ɗauke shi. Na daɗe ina so in ba da wannan shaida, amma duk lokacin da aka ce wa yake da shaida sai in sunkuyar da kai. Ba tsayuwa a gaban mutane nake tsoro ba. Abin da zan faɗa nake tsoro, domin hanyar da Allah ya bi ya tsamo ni ba ita ce wadda aka koya mini a gida ba. Ku yi haƙuri ku ji ni har ƙarshe.

Na zo Abuja a lokacin da farar hula suka dawo mulki, gini ya ɓarke ko'ina. Duk inda ka juya tifa ce, yashi ne, rodi ne. In kana da hannu da lafiya ba ka kwana da yunwa. A wani wurin gini na haɗu da Sabastin, kafinta, ɗan kudancin Kaduna. Saba muke ce masa. Yana zaune a Durumi da mahaifiyarsa, bai yi aure ba tukuna. Ni ina nan Kubwa da iyalina. In ya samu aiki sai ya ce wa oga yana da birkila, in ni na samu sai in ce ina da kafinta. Kwano ɗaya muke ci a wajen mai abinci. Ranar da Rahila ta fara naƙudar 'yarmu Ladi ina can wani aiki a Gwagwalada, shi ya nemo mota ya kai ta asibiti, ya zauna a benci har na iso.

Ɗan Katolika ne. Wannan kaɗai muke faɗa a kai. Ni na tashi ana gaya mini cewa su gumaka suke durƙusa wa, Maryamu suke bauta wa, ba su san sabuwar haihuwa ba. Nakan gaya masa haka a fuskarsa, rabi wasa rabi gaske. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, “To Ɗan Fasto, na ji wa'azi. Miƙo mini guduma.” Bai taɓa yin fushi ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa me yake faɗa ba in ya yi alamar gicciye kafin ya hau sama.

Ranar da abin ya faru muna zubin dakin ne, wato kankaren rufi, a wani bene. Leburori suna ta hawa da kankare a ka, injin yana ta ƙara. Wajen hantsi sai aka ce akwai inda siminti yake zuba daga ƙasan katako, a je a duba. Saba ya ɗauki guduma da ƙusoshi, ya ce in zo in riƙe masa katako. Muka shiga ƙarƙashi, cikin gorar da aka tokare dakin ɗin da ita.

Ƙara ɗaya na ji, kamar an harba bindiga a kunnena. Sai duhu.

Da na dawo hayyacina bakina cike yake da ƙasa. Wani abu mai nauyi ya danne mini ƙafar hagu, ɗanyen siminti yana gangarowa a wuyana. Ba na iya ɗaga kai, kankare yana taɓa goshina. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ina jin mutane a sama kamar daga wani gari.

Sai na ji murya kusa da ni. “Yakubu. Kana nan?”

Na ce, “Saba, ƙafata ta tafi. Za mu mutu a nan.”

Ya ce, “Miƙo hannunka.”

Na laluba cikin ƙasa da tsakuwa har yatsunmu suka haɗu. Ya riƙe ni. Daga yadda yake jan numfashi na san abin ya same shi a ƙirji. Na yi ƙoƙari in yi addu'a, ni da nake jagorantar addu'a a zumuntar maza, amma babu abin da ya fito sai wayyo. Shi kuma sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, magana ɗaya yana ta maimaitawa. Ba na jin duka. Abin da kunnena yake kamawa kawai shi ne sunan Maryamu, ya dawo, ya sake dawowa. Yana yi yana matsa mini yatsa, ya bar wannan ya kama na gaba, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Na ɗauka azaba ce take sa shi haka.

Tsoro ya kama ni domin shi. Na ce, “Saba, kira Yesu. Don Allah bar Maryamu, kira Yesu.”

Ya ce, “Yi shiru, Ɗan Fasto. Kar ka ƙarar da numfashinka.” Ya ci gaba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Muryar ta riƙa yin ƙasa, ta koma motsin baki kawai, daga baya ita ma ta tsaya. Na kira shi, na sake kira. Hannunsa yana cikin nawa, ina ji yana yin sanyi a hankali. Haka muka zauna ni da shi har wajen la'asar, da aka fasa kankaren haske ya shigo.

Ina asibiti aka kai shi ƙauyensu aka binne. Ban ga gawarsa ba, ban zuba masa ƙasa ba.

'Yan'uwa daga wannan ikilisiya sun zo duba ni, Allah ya saka muku. A cikinsu akwai wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba, domin ba da mugunta ya yi maganar ba, kuma mun riga mun zauna ni da shi. Ya riƙe kafaɗata ya ce, “Yakubu, ka ga ikon Allah? Ku biyu ƙarƙashin gini ɗaya. Allah ya nuna bambancin mai kiran sunan Ɗansa da mai kiran wani suna. Kai ga ka a raye.” Ƙarfafa ni yake so ya yi. Amma ni na san abin da bai sani ba: ni ban kira kowa ba a ƙarƙashin can, ihu kawai na yi. Wanda ya yi addu'a shi ne ya mutu. Kuma in maganar dattijon gaskiya ce, to Saba yana cikin wuta a daidai lokacin da nake kwance ana ba ni shayi.

Wannan tunani ya shige ni ya ƙi fita.

Aka sallame ni da sanda. Ƙafa ta fara haɗuwa, amma kaina ya ƙi. Ba na iya shiga duk ɗakin da samansa kankare ne. Kun ga wannan benen da matasa suke zama a kai? Ranar Lahadin farko da na zo, ina taka ƙofa na ɗaga ido na gan shi, sai na ji ƙasa a bakina, gumi ya karyo mini, na juya na fita. Aka ce aljanu ne, aka yi mini addu'a, aka shafa mini mai. Ni dai ina tsaye kamar itace. In na durƙusa a gida na buɗe baki, muryar Saba nake ji, Maryamu, Maryamu, sai in ga kamar yana kiran ta ne daga cikin wuta ba mai amsa masa. Sai in tashi. Daga baya na daina durƙusawa gaba ɗaya. Na ce wa Allah a zuciyata, in haka shari'arka take, ni da kai ba mu da magana.

Aiki ya gagara. Wa zai ɗauki birkilan da ba ya shiga gini? Rahila ta fara zuwa Zuba tana saro lemo da ayaba tana kasawa a bakin titi, da shi muke ci. Ni kuma na samu wata rumfa a bayan kasuwa inda ake sayar da ogogoro. Ni da ban taɓa sa giya a baki ba. Na gano cewa in na sha sosai muryar tana yin shiru na ɗan lokaci. Tun da safe nake zuwa. Wasunku sun gan ni a kwance a gefen kwata, sun kau da kai don kar su kunyata ni. Na gan ku, ban riƙe ku ba.

Wata rana da yamma ina zaune a ƙofar ɗaki, Ladi ta zo ta hau cinyata. An koya musu ƙirga a makaranta. Ta kama hannuna ta fara matsa mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da na wurgar da ita ba. Kanta ya bugi bango, jini ya fito. Ba ta ma yi kuka nan da nan ba, kallona kawai ta yi.

Rahila ta ɗauke ta, ta wanke mata ciwon, ta ɗaure. Washegari ta haɗa kayan yara. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baban Ladi, ban bar ka ba, Allah ne shaida. Amma ba zan zauna in jira ranar da za ka kashe mini ɗa ba. Muna wajen Yaya a Zuba. In mijina ya dawo daga ƙarƙashin ginin nan, ya zo ya ɗauke mu.”

Na bar ta ta tafi. Gaskiya ta faɗa.

Bayan tafiyarsu ban san yadda kwanaki suka riƙa wucewa ba. Ba na wanka, ba na cin abinci sai in maƙwabta sun miƙo. Na sayar da cokalin gini da sauran kayan aikina na shanye. Baba Fasto ya zo ya buga ƙofa, ina ciki na yi shiru har ya gaji ya tafi.

Zan faɗi wannan domin wataƙila akwai wanda yake inda na taɓa zama. Wata rana da tsakar rana na hau gadar masu tafiya da ƙafa da ke kan babban titi. Na jingina sandata, na riƙe ƙarfen, ina kallon tireloli suna wucewa a ƙasa. Mutane suna gifta ni, kowa da sha'aninsa. Na ce a raina, in Saba yana wuta, gara in je in same shi, ai bai bar ni ni kaɗai ba a cikin duhu. Na riga na ɗaga ƙafa mai lafiyar.

Ina so in ce muku aya ce ta zo mini, ko waƙa, amma ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Tambaya ce ta zo mini. Na ce, ni fa ban ma san abin da yake faɗa ba. Kalma ɗaya na ji, a kanta na yanke masa hukunci, a kanta kuma zan mutu. Bari in je in tambaya tukuna. Gadar ba za ta gudu ba.

Na sauko na shiga motar Durumi.

Tun da abin ya faru ban je gaida mahaifiyarsa ba. Mama Tarisa sunanta, 'yar ƙaramar tsohuwa, gawayi take sayarwa a ƙofar ɗakinta. Ina jin kunyar in tsaya a gabanta da rai. Da ta hango ni ina ɗingisawa sai ta ajiye mudun da ke hannunta.

Ta ce, “Yakubu, sai yau?”

Na durƙusa a gabanta. Na san ta ji warin giya a jikina. Ta shimfiɗa tabarma a waje ƙarƙashin rumfar kwano, ta kawo ruwa, ta ɗumama tuwo ta ce in ci. Sai da na ci ta zauna kusa da ni ta ce, “Ɗana, kowa ya gaya mini yadda aka fito da shi. Ba wanda ya gaya mini yadda ya tafi. Kai kaɗai kake wurin. Ya sha wahala? Ya yi magana?”

Ashe duk watannin nan ita ma tana cikin nata duhun, tana jira na.

Na gaya mata komai. Na gaya mata sunan da yake ta kira, da abin da na ce masa, da abin da dattijo ya faɗa a asibiti. Na ce, “Mama, ki gaya mini gaskiya. Me ya sa bai kira Yesu ba?”

Sai ta ce, “Ka ce yana matsa maka yatsu?”

Na ce e.

Ta ce, “Ba ni hannun.”

Ban so ba, amma na miƙa. Ta kama babban yatsana, bakinta ya fara motsi, ta saki ta kama na gaba. Na so in fizge, ta riƙe gam. Ta ce, “Ba azaba ba ce, ɗana. Carbinsa yana cikin rigar da ya rataye a waje, an kawo mini ita. Da bai samu carbi ba sai ya ƙirga addu'arsa a hannunka.”

Daga nan ta faɗi addu'ar da ƙarfi, a hankali, yadda ake koya wa mai shirin baftisma. A karon farko na ji ta daga farko har ƙarshe. Na ji gaisuwar da mala'ika ya yi wa Maryamu, wadda ni ma na sha karantawa a lokacin Kirsimeti. Na ji sunan Yesu a tsakiyarta, a wurin da Mama ta sunkuyar da kai. A ƙarshe kuma roƙo ne cewa uwar Yesu ta yi addu'a domin masu zunubi, yanzu da kuma sa'ar mutuwa.

Ta ce, “Ka ji? Ba cewa ake a roƙa domina ba. Dominmu ake cewa. Su wa ke ƙarƙashin ginin? Ku biyu ne. Har da kai yake yi.”

Sai ta juya ta durƙusa a kan tabarmar, ta ɗaga hannuwanta baƙi ƙirin da gawayi, tana gode wa Allah cewa ɗanta ya tafi da addu'a a bakinsa. Tana kuka tana godiya. Ni kuwa ina zaune ina kallon hannuna.

Kar ku ɗauka a ranar na warke. Daga wurinta rumfar ogogoro na wuce. Amma ban koma gadar ba. Bayan kwana biyu na sake samun kaina a Durumi, haka kuma na riƙa zuwa. In ta gama ciniki da la'asar takan ɗauko carbinta, ni kuma ta ba ni na Saba in riƙe. Ranar farko ji na yi kamar garwashi na riƙe. Ina ganin fuskar mahaifina, ina jin muryarsa yana wa'azi a kan gumaka. Na ce, “Mama, bakina ba zai iya kiran Maryamu ba. Ba haka aka rene ni ba.”

Ta ce, “Wa ya ce dole? Addu'ar Ubangiji ai ka san ta, taku ce tamu ce. Ka faɗi wadda za ka iya, ni zan faɗi sauran.”

Haka muka riƙa yi. In an zo kan Addu'ar Ubangiji in faɗa tare da ita, in ta shiga sauran in yi shiru ina jan ƙwayar carbin. 'Yan'uwa, mu nan mun saba kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da ke zuciyarsa, kuma abu ne mai kyau. Amma ni a lokacin babu komai a zuciyata sai ƙasa da duhu. Kalmomin da aka riga aka shirya, waɗanda ba sai na nemo su ba, su kaɗai na iya ɗauka. Ta haka sunan Allah ya sake fitowa daga bakina.

Wata rana ta kai ni wurin Fadansu, wato limamin cocinsu. Ƙaramin coci ne, rufin kwano, gefensa a buɗe, shi ya sa na iya zama a ciki. Fadan matashi ne daga Binuwai, Hausarsa tana ɗan karyewa. Ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, “Fada, Sabastin yana ina?”

Ya ce, “Malam Yakubu, ni ban je can na dawo ba, ba zan ruɗe ka ba. Amma na san shi. Na san Yesun da yake karɓa cikin Jibin Ubangiji a nan kowace Lahadi, na san hannun da muka sa shi a ciki. Hannun nan ba ya yar da mutum.”

Na ce, “To yanzu sai na zama Katolika ke nan?”

Ya yi murmushi ya ce, “Ban kira ka don wannan ba. Ka zo duk lokacin da kake so. Amma abu biyu nake roƙonka. Ka gaya wa fastonka kana zuwa nan, kar ka yi a ɓoye. Kuma akwai Sista a ƙaramin asibitinmu da ta san ciwon mutanen da suka tsira daga haɗari. Abin da yake damunka yana da magani, ba aljanu ba ne. Ka je ka gan ta.”

Na je wurin Sista, ta saurare ni, ta haɗa ni da likita. Wurin Baba Fasto kuwa na kasa zuwa.

Sai lokacin azuminsu ya zo, kafin Ista. Kowace Juma'a da rana suna yin abin da suke kira Hanyar Gicciye. An kafa hotuna a jikin katangar coci, kowanne yana nuna wani abu da ya sami Yesu daga wurin shari'a har zuwa kabari. Jama'a suna tafiya daga wannan zuwa wancan, a tsaya, a durƙusa, a karanta, a yi gaba. A fili ake yi, cikin rana. Mama ta ce in zo. Ranar da na je na wayi gari da mugun hali, na riga na sha, kuma tunanin gadar ya dawo mini tun da safe.

Na bi su a baya da sandata. Kowa ya durƙusa ni ma in durƙusa, ƙafar tana mini zogi kamar za ta sake karyewa. Na ga inda ya faɗi da gicciye, na ga inda ya sake faɗi. Na ga inda aka sauko da shi aka ɗora a cinyar uwarsa, na dubi Mama Tarisa, na kau da kai. Duk labarin nan na san shi tun ina yaro. Amma ban taɓa bin sa da ƙafa ba.

Muka zo hoto na ƙarshe. Mai karatu ya ce a nan aka sa Yesu cikin kabari, aka rufe bakin da babban dutse. Na ɗaga kai na kalli hoton. Rami ne mai duhu, ga shi a kwance, dutse a samansa dab da fuskarsa.

Sandar ta faɗi daga hannuna. Na kife a ƙasa, fuskata cikin turɓaya, na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, “Yesu, ashe kai ma ka san ƙarƙashin dutse. Ashe ka riga mu shiga. Ina kake ranar nan? In kana wurin, ka gaya mini. Na gaji, ba zan iya ba kuma. Ga Saba, na ba ka shi, ni ba zan iya riƙe shi ba. Ga ni ni ma. In za ka fito da ni, ka fito da ni yau.”

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fasa kankaren. Ina jin mutane sun kewaye ni suna ci gaba da addu'arsu a hankali, hannun Mama yana bayana. Da na ɗago, rana ta yi sanyi. Abin da ya danne mini ƙirji duk watannin nan ya sassauta. Na ja numfashi ya kai har ƙasa. Kuma na sani, yadda mutum yake sanin sunansa, cewa ba mu biyu kaɗai ba ne a ƙarƙashin ginin nan.

Washegari na je gidan Baba Fasto, ga shi nan zaune, zai shaida. Na gaya masa komai, har da gadar, har da carbin. Sai ya ce, “Yakubu, akwai abubuwan da ba mu yarda da su ba, ka san su, kuma ba zan canza koyarwa domin ka ba. Amma wanda ya sauko da kai daga gadar nan ba Shaiɗan ba ne. Kuma ba a ba ni ikon in ce wane yana wuta ba, ba a ba kowane dattijo ba. Mun yi maka addu'a da yawa, ba mu saurare ka ba. Tashi mu je Zuba.”

Shi ya kai ni da kansa. Rahila tana bakin kasuwa tana kasa lemo. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ka dawo ne, ko ka zo gaisuwa?” Na ce, “Ina kan hanya, Maman Ladi. Ki taimake ni in ƙarasa.” Ba ta biyo ni a ranar ba, kuma tana da gaskiya. Sai da ta ga na yi nisa da rumfar giya. Na sake faɗawa a tsakani, ba sau ɗaya ba, amma duk lokacin da na faɗi na tashi na je na faɗa wa Baba Fasto ko Sista. Ladi ta daɗe tana ɓuya a bayan uwarta in ta gan ni. Yanzu tana zuwa da kanta.

Da damina ta faɗi, ɗakin Mama ya fara yoyo. Ba ta da wanda zai hau mata. Na aro tsani da guduma, na tsaya a ƙasa ina kallon rufin, daga baya na ce da sunan Yesu na hau. Daga nan na koma aiki, ƙananan gyare-gyare da farko. Yau ina wani bene a hanyar Gwarimpa, ina shiga ƙarƙashin dakin ina fita. Gabana yakan faɗi har yanzu, amma ina shiga.

Na san wasunku suna so su tambaye ni, to yanzu kai na ina ne? Ina nan. A nan aka yi wa 'ya'yana albarka, a nan nake cin Jibin Ubangiji. Har yau bakina bai saba da roƙon Maryamu ba, akwai kuma koyarwarsu da ban gane ba, wata ma ban yarda da ita ba, na gaya wa Fada haka, muka yi dariya. Amma ba zan ƙara cewa ba su san Yesu ba. Na kwanta kusa da ɗaya daga cikinsu yana mutuwa, da sauran numfashinsa ya yi mini addu'a. In lokacin azumi ya zo, ranar Juma'a za ku same ni a Durumi, da sanin Baba Fasto.

Na gode wa Allah da ya hana ni mutuwa a ranar da na neme ta. Na gode masa domin Rahila da ta jira. Na gode masa domin ya san inda zai aje mini taimako, ko da yake wuri ne da ni da kaina ba zan taɓa nema ba. In akwai wanda yake zaune a nan ya kasa addu'a, an danne shi har ba ya iya cewa komai, kar ka yi shiru kai kaɗai, kar ka hau gada. Ka je ka zauna kusa da wanda yake iya yi, ka faɗi kaɗan ɗin da za ka iya. Yesu yana shiga wurin da ba mai iya shiga.

Abu na ƙarshe. Da na gaya wa Mama Tarisa zan yi shaida yau, ta ce za ta zo ta ji. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga cocin da ba na Katolika ba. Ta je Misa ta farko a cocinsu da sassafe, ta hau mota biyu ta zo Kubwa. Ga ta can a layin baya, mai farin ɗankwali, kusa da Rahila. Mama, ki yi haƙuri ki ɗan tashi su gan ki. 'Yan'uwa, uwar abokina ke nan, uwata ce yanzu. In an tashi, ku je ku gaishe ta.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.